Rubuta wa kamfanonin manhaja darussa: yadda aikin yake, abin da ake samu da tarkon da ke cikinsa

Kowace shekara jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da makarantu masu zaman kansu, suna yaye matasan da suka karanta ilimin kwamfuta. Kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbi a ma'aikatun gwamnati, bankuna ko kamfanonin waya. Wasu su buɗe shagon gyaran waya da buga takardu, wasu su zauna jiran a buɗe konkur. A cikin hirarrakin waɗannan matasa, an fara jin maganar wata hanyar samun kuɗi da ba ta buƙatar biza ko tikitin jirgi: rubuta wa kamfanonin ƙera manhaja na ƙasashen waje darussa da bayanai, su wallafa da sunan marubucin, su biya shi.

Maganar gaskiya ce, amma yadda ake yaɗa ta a WhatsApp da Facebook ya sa wasu suna ɗauka kuɗi ne a zube. Wannan bayani zai fayyace ko wane irin aiki ne, dalilin da ya sa kamfanoni ke biya, matakan da rubutu ke bi kafin ya fito, da wuraren da ake cutar mutane.

Wane irin aiki ne wannan?

Kamfanin manhaja yana sayar da kayan aikin da masu haɗa manhaja ke amfani da su: wurin ajiye bayanai, hanyar aika saƙon tes daga cikin manhaja, tsarin tantance mai shiga da kalmar sirri, ko kwamfutocin da ake haya ta intanet. Irin waɗannan kaya ba a gane su da ido kamar atamfa a kasuwa. Sai an nuna wa mutum yadda zai yi aiki da su, mataki bayan mataki.

Kamfanonin suna da ma'aikatan da ke rubuta bayanin kayansu, amma ba su isa su rubuta kan kowace matsala da mai amfani zai ci karo da ita ba. Shi ya sa wasunsu ke gayyatar mutanen waje, waɗanda ba ma'aikatansu ba, su rubuta. Marubucin baƙo ne: ba shi da albashin wata, ba shi da ofis, ana biyan sa ne kan kowane rubutu da aka karɓa.

Masana wannan fage sun raba irin rubutun gida 4, bisa wani tsari da Daniele Procida ya fitar mai suna Diátaxis. Akwai darasi, wanda ke riƙe hannun sabon shiga har ya gina wani abu. Akwai jagora, wadda ke nuna wa wanda ya riga ya iya yadda zai warware matsala guda. Akwai kundin bayani, wanda ake dubawa kamar ƙamus. Akwai kuma fayyacewa, wadda ke bayyana dalilin da ya sa abu yake aiki yadda yake yi. Yawanci abin da ake nema daga baƙi shi ne na farko da na biyu. Kundin bayani kuwa ma'aikatan cikin gida ne ke riƙe da shi, domin shi yana canzawa duk lokacin da kayan suka canza.

Me ya sa kamfani zai biya wanda bai taɓa gani ba?

Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan baƙo yana da lissafinsa.

Mai haɗa manhaja, ko a Legas yake ko a Faris, idan ya maƙale sai ya shiga Google ya rubuta matsalarsa. Idan darasin da ya fara fitowa na wani kamfani ne, kuma ya bi shi aikinsa ya tafi daidai, sunan kamfanin ya zauna masa a kai. Ranar da zai nemi inda zai yi hayar kwamfuta ko ya ajiye bayanai, wannan sunan zai fara tunawa. Talla ce, amma tallar da ke shigowa ta hanyar taimako. Tallar da aka biya a Facebook tana tsayawa ranar da kuɗin suka ƙare. Darasi mai kyau yana iya jawo mutane shekara da shekaru.

Dalili na biyu shi ne yarda. Masu haɗa manhaja ba su cika son kalaman ƴan talla ba. Sun fi amincewa da ɗan'uwansu da ya gwada abu da hannunsa, ya faɗi inda ya yi tuntuɓe. Dalili na uku kuma araha ce: biyan baƙo kan rubutu ɗaya ya fi wa kamfani sauƙi da ɗaukar ma'aikaci na dindindin a Amurka ko Turai.

Duk wanda ya fahimci wannan lissafi ya gane abin da edita ke nema. Ba ya neman zalaƙar harshe ko nuna ilimi. Yana neman rubutun da zai amsa tambayar da mutane ke yi, kuma wanda idan aka bi shi, abin ya yi aiki.

Misalin DigitalOcean

Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi shahara da wannan tsari shi ne DigitalOcean, wanda aka kafa a birnin New York na Amurka a 2011. Sana'arsa ita ce bayar da hayar kwamfutoci ta intanet, kuma a shekarunsa na farko ya yi suna da hayar da ke farawa daga dalar Amurka 5 a wata. Abokan gogayyarsa, irin su Amazon, sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya taimaka masa wajen shiga zukatan masu haɗa manhaja shi ne dubban darussan da ya wallafa kyauta, musamman kan tsarin Linux.

A 2018 kamfanin ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Write for DOnations. A wancan lokacin, marubucin da aka wallafa darasinsa yana karɓar dalar Amurka 300, sannan kamfanin ya ba da gudummawa ga wata ƙungiyar taimako da marubucin ya zaɓa daga jerin da aka ba shi, kamar asusun tallafa wa manhajoji na kyauta ko gidauniyar Wikimedia. A lura, dalar da ake magana a nan ta Amurka ce, ba dalar kasuwarmu ta sefa 5 ba. Dala 300 takan kama tsakanin jika 165 da jika 190, gwargwadon yadda canji yake. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42.000 a wata tun farkon 2024, za a gane abin da ya sa maganar ke jan hankalin matasa.

Darussan kamfanin suna da ƙira guda da ba ta canzawa: gabatarwa, jerin abubuwan da mai karatu zai tanada, mataki na 1, na 2, na 3, har zuwa kammalawa. Ƙa'idojin rubutunsa sun hana marubuci cewa abu "mai sauƙi ne" ko "kowa ya sani". Hikimar ita ce, wanda ya kasa yin abin da aka ce masa mai sauƙi ne, sai ya ga kamar shi ne daƙiƙi, ya rufe ya tafi. Kowane umurni da aka ce a rubuta wa kwamfuta, sai an bayyana abin da yake yi da abin da za a gani bayansa.

Wasu kamfanoni kamar Twilio, Auth0 da LogRocket su ma sun gudanar da shirye-shirye irin wannan. Duk wanda ya duba sunayen marubutansu zai ga ƴan Najeriya, Kenya da Indiya da yawa. Sai dai shirye-shiryen ba su da tabbas: yau a buɗe, gobe a rufe. DigitalOcean kansa, bayan ya sayi mujallar CSS-Tricks a 2022, ya rage ma'aikata a farkon 2023, kuma ragin ya shafi masu kula da rubuce-rubuce. Saboda haka kada wani ya gina rayuwarsa kan kamfani guda, kuma kada ya dogara da farashin da ya ji a bakin wani. A duba abin da kamfanin ya rubuta da kansa a ranar da za a nema.

Daga tunani zuwa wallafawa

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su zauna su rubuta dogon bayani, sannan su aika. Yawancin kamfanoni ba haka suke so ba. Tafiyar takan bi wannan tsari.

Da farko marubuci yana gabatar da kansa da samfurin rubutun da ya taɓa yi. Edita yana so ya ga ko mutumin ya iya bayyana abu a jere. Digiri ba shi ne abin dubawa na farko ba. Samfurin shi ne shaida.

Sai shawarar batu. A cikin layuka kaɗan, marubuci ya faɗi matsalar da zai warware, wanda zai amfana, da abin da mai karatu zai iya yi idan ya gama. Kafin ya aika, ya binciki abin da kamfanin ya riga ya wallafa. Shawarar da ta maimaita darasin da ke akwai ita ake fara yin watsi da ita.

Idan batun ya samu karɓuwa, sai tsarin kanun rubutu. Edita ya duba, ya ce a cire wannan, a ƙara wancan. Gyara a nan ya fi sauƙi da gyara bayan an rubuta shafi 10.

Daga nan sai rubutun kansa. Akasari ana rubuta shi da Markdown, wata hanya mai sauƙin koyo ta tsara kanu da jeri da kod, wadda John Gruber ya fitar a 2004. Kod ɗin misali kuma ana ajiye shi a GitHub, domin edita da masu karatu su iya ɗauka su gwada.

Mataki mafi tsauri shi ne gwaji. Edita nagari yana buɗe sabuwar kwamfuta wadda ba a girka mata komai ba, ya bi darasin layi bayan layi. Idan a mataki na 4 abu ya ƙi, rubutun ya dawo. Dalilin da ya fi jawo haka shi ne marubucin ya manta cewa ya taɓa girka wani abu a tasa kwamfutar wata 6 da suka wuce, don haka bai ambace shi ba. Maganin shi ne marubuci ya yi wa kansa wannan gwaji kafin ya aika.

Sai gyaran harshe, wani lokaci zagaye 2 ko 3, sannan wallafawa, sannan biya. Daga farko zuwa ƙarshe ana iya cin makonni, wani lokaci watanni. Idan aka raba kuɗin da kwanakin da aka kashe, da kuɗin intanet, da man janareta lokacin da kuran ya ɗauke, za a ga cewa dala 300 ladan aiki ne mai nauyi.

Me ɗan Nijar zai rubuta?

Darussan farko-farko, irin yadda ake girka Python ko yadda ake buɗe shafin intanet, an rubuta su sau dubbai. Wanda ya je da irinsu yana gogayya da duniya duka. Inda matashinmu ya fi ƙarfi shi ne matsalolin da yake fama da su kullum, waɗanda injiniyan da ke zaune a Kalifoniya bai taɓa gani ba.

Ɗauki haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar rajistar ɗalibai ko ta asibiti ya san yadda sunan Ɗanladi ko Ƙasimu ke komawa alamar tambaya idan ma'ajiyar bayanan ba a saita ta kan UTF-8 ba. Ya san cewa mai neman "Dan" ba zai samu "Ɗan" ba, domin a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Ya san kuma cewa a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma ana rubuta 'y, don haka kalma ɗaya tana iya shiga da fuska biyu. Darasin da ya nuna yadda ake ajiye irin waɗannan sunaye, a jera su, a nemo su a MySQL ko PostgreSQL, zai amfani mai aiki da Fulatanci da wasu harsunan Afirka da yawa, kuma misali ne mai kyau ga duk mai fama da haruffan da ba na Ingilishi ba.

Ɗauki kuɗinmu. Sefa, wadda alamarta a duniya ita ce XOF, ba ta da ƙananan sassa kamar yadda dalar Amurka ke da santi 100. Manhajojin biyan kuɗi da yawa suna lissafi da ƙaramin sashe, don haka wanda ya saba ninka kowane farashi sau 100 kafin ya aika, idan ya yi haka da sefa, sai a caji mai saye jika 100 a maimakon jika 1. Wannan kuskure ne na gaske, kuma bayanin yadda ake kauce masa darasi ne.

Ɗauki rezo. Manhajar da ma'aikacin lafiya zai yi amfani da ita a ƙauyen Dakoro ko Tanut dole ta yi aiki ba intanet, ta riƙe bayanai a cikin waya, ta tura su idan an shigo gari. Me zai faru idan mutum biyu suka gyara bayani guda kafin a tura? Yaya ake rage nauyin hoto domin kada ya cinye kuɗin intanet? Yaya ake haɗa manhaja da saƙon tes ko lambobin USSD don masu ƙaramar waya? Kamfanonin da ke son shiga kasuwannin Afirka da Asiya suna buƙatar amsoshin waɗannan tambayoyi daga bakin wanda ya yi.

Sharaɗi ɗaya ne: batun ya haɗu da kayan da kamfanin ke sayarwa. Kamfanin aika saƙon tes zai so darasin tunatar da majinyata ranar rigakafi ta tes. Ba zai damu da darasin haruffa ba. A zaɓi kamfanin da ya dace da batun.

Katangar harshe

A nan ne maƙwabtanmu na Kano da Katsina suka fi mu sa'a. Kusan duk waɗannan shirye-shirye da Ingilishi suke aiki, alhali matasanmu da Faransanci suka yi karatu. Katanga ce ta gaske, amma ba ta kai tsayin da ake zato ba. Ingilishin darasin kwamfuta gajerun jimloli ne da kalmomin da ke maimaita kansu: buɗe, rubuta, ajiye, duba. Mai haɗa manhaja ya riga ya saba karanta shi kullum, domin saƙonnin kuskure da bayanan kaya duk da shi suke zuwa. Abin da ya rage shi ne sabawa da rubutawa.

Faransancin kansa yana da filin horo. Tsohon Site du Zéro, wanda Mathieu Nebra ya kafa a 1999 kuma daga baya ya zama OpenClassrooms, ya taso ne da darussan da masu amfani da shi suka rubuta. Zeste de Savoir yana bin irin wannan tafarki: mutum ya rubuta, ƴan sa-kai su duba kafin a wallafa. Bayanan harshen Python da na MDN, kundin da masu gina shafukan intanet ke dogaro da shi, duk ƴan sa-kai ne ke fassara su zuwa Faransanci. A waɗannan wurare ba a biya, amma ana samun abin da ya fi wuyar samu ga sabon shiga: wanda zai gyara masa rubutu, da aikin da zai nuna a matsayin samfuri. Google ma ya buɗe wani shiri a 2019 mai suna Season of Docs, domin haɗa marubuta da manhajoji na kyauta masu buƙatar bayani, abin da ke nuna cewa rubutun fasaha sana'a ce mai zaman kanta.

Maganar kuɗi da haƙƙi

Tambayar da ya kamata a yi tun kafin a rubuta layi ɗaya ita ce: ta wace hanya za a biya ni? Kamfanoni da yawa suna amfani da PayPal, wanda ba a kowace ƙasa yake ba mutum damar karɓar kuɗi ba, ko da ya ba shi damar biya. Wasu suna amfani da Payoneer, wasu suna turawa kai tsaye ta banki. Turawa ta banki tana da caji a hanya da kuma wajen canji, don haka a tambayi banki nawa zai cire. Wasu kamfanonin kuma suna biya da damar amfani da kayansu kyauta, wadda ba ta sayen buhun hatsi. Wanda ya gama aiki sannan ya gano kuɗinsa ba su da hanyar isowa, yakan koma roƙon wani ɗan'uwa a waje ya karɓa masa, kuma nan ne rigima kan fara.

Kamfanin Amurka yakan nemi marubucin waje ya cika wata takarda mai suna W-8BEN, wadda ke shaida cewa shi ba mai biyan haraji a Amurka ba ne. Cika ta kyauta ne. Wanda aikin ya zama masa sana'a ta kullum, ya dace ya je ofishin haraji ya nemi bayani kan lambar NIF da abin da doka ta ɗora masa a gida, domin wasu kamfanoni suna neman faktir.

Sai haƙƙin mallaka. A karanta yarjejeniya: bayan an biya, rubutun na wane ne? A mafi yawan lokuta kamfani ne ke riƙe da ikon wallafawa, kuma ba a yarda a sake sayar da shi wani wuri ba. DigitalOcean yana sakin darussansa ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ke ba kowa damar yaɗawa da fassarawa, muddin an ambaci mai shi, ba don kasuwanci ba, kuma an saki sabon aikin da irin wannan lasisi. A tabbatar kuma sunan marubuci zai fito. A tafiya mai nisa, sunan ya fi kuɗin daraja, domin shi ne za a nuna wa mai ɗaukar aiki gobe.

Tarkunan da ke hanya

Akwai wata harka da ke kama da wannan a fuska, amma daban take. Injin binciken Google yana ɗaga darajar shafi idan wasu shafuka masu mutunci suna nuni zuwa gare shi da mahaɗi. Wannan ya haifar da kasuwar sayen mahaɗai: wani ya rubuta bayani maras amfani, ya cusa mahaɗin kantinsa ko na gidan caca, ya biya a wallafa masa a matsayin baƙo. Tun a Janairun 2014 Matt Cutts, wanda ke jagorantar yaƙi da shara a Google a lokacin, ya gargaɗi masu yin haka. A 2019 Google ya fito da alamar da ake sa wa mahaɗin da aka biya kuɗinsa, kuma a Maris 2024 ya ƙara tsaurara dokoki kan rubutun da ake zubawa da yawa don yaudarar injin bincike.

Abin da ya shafi matashinmu shi ne, da zarar sunansa ya fara fitowa, zai iya samun saƙo daga wanda bai sani ba: sa mana wannan mahaɗi a darasinka na gaba, mu ba ka dala 50. Idan edita ya gano, ƙofar ta rufe, kuma editoci sun san juna.

Tarko na biyu shi ne kuɗin rajista. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko dala daga marubuci. Duk wanda ya ce a tura kuɗin buɗe dosiye, ko kuɗin horo kafin a ba da aiki, ɗan damfara ne. Na uku shi ne rubutun gwaji kyauta: a ce ka rubuta cikakken darasi don a ga iyawarka, daga nan a yi shiru. Samfurin da aka riga aka wallafa ya isa shaida. Na huɗu shi ne dillalai masu karɓar aiki da sunansu, su ba yaro ya rubuta a kan jika 10, su karɓi sauran. Na biyar kuma daga marubucin kansa yake fitowa: kwafar rubutun wani, ko fassara darasin Faransanci zuwa Ingilishi a ce nasa ne. Editoci suna da manhajojin gano kwafe, kuma wanda aka kama sau ɗaya ya gama.

Akwai kuma amana. Wanda ke aiki a banki, asibiti ko wata ƙungiya kada ya ɗauki kod ko bayanan wurin aikinsa ya sa a darasi. Kalmar sirri ko mabuɗin shiga da aka manta a cikin hoton allo ko a GitHub na iya jawo asarar da ta fi kuɗin rubutun.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira

Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, kasuwar ta girgiza. Cikin ƴan kwanaki Stack Overflow, inda masu haɗa manhaja ke tambaya da amsa, ya hana sa amsoshin da na'urar ta rubuta, saboda suna zuwa da kamar gaskiya alhali da yawansu kuskure ne. Editoci sun shiga karɓar tulin rubuce-rubucen da na'ura ta yi. A ɗaya gefen kuma masu haɗa manhaja da yawa yanzu na'urar suke tambaya kai tsaye, ba su biyo ta Google ba, wanda ya taɓa lissafin da muka yi bayani a sama.

Sakamakon shi ne darasi na gama-gari ya faɗi daraja, domin na'ura tana yin sa cikin daƙiƙa. Abin da ya rage da daraja shi ne wanda aka yi da hannu: na gwada wannan a kan waya mai ƙaramin ƙarfi da rezo mai yankewa, ga abin da ya faru, ga yadda na gyara. Game da amfani da na'urar wajen gyaran Ingilishi, kowane kamfani da dokarsa. A tambaya, a bi abin da aka ce, kuma kowane layin kod da zai fita da sunan mutum ya tabbata shi da kansa ya gwada shi.

Ta ina za a fara?

Wanda ke son shiga ya fara da matsala ɗaya da ya taɓa warwarewa da kansa. Ya rubuta ta mataki-mataki, ya ba abokin da bai san batun ba ya bi, ya zauna kusa da shi ya yi shiru, ya lura da inda ya tsaya. Duk inda abokin ya tsaya, rubutun ne ke da giɓi. Ya gyara, ya wallafa a inda ake wallafawa kyauta. Idan ya tara 3 ko 4 masu kyau, sai ya nemi kamfanin da kayansa suka dace da abin da ya iya, ya karanta ƙa'idojinsa har ƙarshe, ya aika shawara. Ƙin karɓa ko shiru abu ne da kowa ke gamuwa da shi. Sai a gyara a aika wani wuri.

Malaman jami'o'i da cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin su CIPMEN a Yamai suna da rawar da za su taka. Ɗalibin da aka saba masa da rubuta bayanin aikinsa yadda wani zai iya bi, ya samu makamin da zai yi masa amfani ko bai taɓa sayar da rubutu ba.

Ga iyaye kuma, idan yaro ya ce yana rubuta wa wani kamfanin waje, tambayoyi 3 sun isa a gane inda ya dosa: an nemi ya biya wani abu? Sunansa zai fito a kan aikin? Ya san hanyar da kuɗin za su iso hannunsa? Idan amsar farko a'a ce, sauran biyun kuma e, to a bar shi da kwamfutarsa, a taimaka masa da kuɗin intanet na watan farko.